Wutar da Ba Ta Samun Iska: Waiwaye Kan Gas a Tsoffin Gidajen Birtaniya

A shekarar 1792 wani injiniya ɗan Scotland mai suna William Murdoch ya haska gidansa da ke garin Redruth, can kudu maso yammacin Ingila, da wata irin wuta wadda ba ta mai ba ce, ba kuma ta kitse ba. Kwal ya zuba a tukunyar ƙarfe, ya rufe ta ruf, ya hura wuta a ƙarƙashinta, iskar da ta taso ya ja ta ta bututu zuwa cikin ɗaki ya kunna. A 1807 aka jera irin waɗannan fitilu a titin Pall Mall na Landan, a 1812 kuma kamfanin Gas Light and Coke Company ya samu izinin sayar wa jama'a wannan iska. Kafin a yi nisa, kusan kowane gari mai ji da kansa a Birtaniya ya mallaki masana'antar gas ɗinsa, da ƙatuwar rumbun ƙarfe a gefen gari mai hawa da sauka gwargwadon abin da ke cikinta.

Abin da ke tafiya cikin waɗannan bututai guba ne tun daga tushe. Gas ɗin kwal gauraye ne: kusan rabinsa haidirojin, wani kaso mitan, sannan akwai kabon monoksaid, wanda kan kai kashi goma cikin ɗari, wani lokaci ya haura. Masanin nan na Faransa, Claude Bernard, ya nuna tun a shekarun 1850 cewa wannan iska a jini take yin ɓarnarta. Tana kama sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, kamun da ya ninka na iskar numfashin kanta fiye da sau ɗari biyu. Mutum yana ja yana fitarwa, ƙirjinsa na aiki, amma jikinsa na can yana mutuwa da yunwar iska. John Scott Haldane, wanda ya yi ta shaƙar wannan guba da kansa don ya auna aikinta, shi ne ya ba masu haƙar kwal shawarar su riƙa sauka rami da ƙananan dabbobi, ɓera ko tsuntsun kanari, domin su ne ke fara faɗuwa. Ilimin yana nan tun ƙarni na goma sha tara. Duk da haka aka ci gaba da tura wannan iska cikin ɗakunan kwanan mutane har shekarun 1970.

Muddin aikin gas bai wuce fitila ba, abin da ake ƙonawa kaɗan ne. Lamarin ya sauya ne da aka gano yadda za a sa shi ya ba da zafi. Murhun da ke ɗauke da sunan Robert Bunsen, na 1855, yana haɗa gas da iska kafin su isa bakin wuta, sai harshen ya fito shuɗi, mai zafi, ba hayaƙi. A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙirƙiro tukunyar dafa ruwan wanka da gas, wadda ya raɗa wa suna giza. Ruwa na zuba ta sama, wuta na ci ta ƙasa, nan take ruwan zafi ya fito. Abin da gizar farko ba ta da shi shi ne bututun fitar da hayaƙi. A banɗaki ake kafa ta, ɗaki mafi ƙanƙanta a gida, wanda mai wanka ke kulle ƙofarsa ya toshe tagarsa saboda sanyi. Wutar na cinye iskar ɗakin, tana mayar da guba a madadinta, mai wanka kuwa yana kwance cikin ruwan ɗumi yana jin barci na fizgarsa. An yi shekaru masu yawa ana fasa ƙofofin banɗaki ana ɗauko gawarwaki kafin doka ta haramta kafa irin wannan tukunya a wurin wanka.

Da wutar lantarki ta fara ƙwace kasuwar haske a shekarun 1880, kamfanonin gas suka juya ga girki da ɗumama ɗaki. Suka riƙa ba da hayar murhu, suka kuma fito da mitar da ake jefa wa kwabo, wadda ta kai gas gidan talaka. A nan akwai wani haɗari da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna wanda ke ɗaukar nauyin irin wannan ci gaba. A ɗauki gidan haya mai ɗakuna da yawa da mita ɗaya a ƙarƙashin matakala. Wata tsohuwa a ɗakin sama ta kunna hitarta ta kwanta. Can cikin dare kuɗin mita ya ƙare, wuta ta mutu, amma makunnin hitar yana nan a buɗe. Da asuba wani ɗan haya a ƙasa zai fita aiki, ya jefa kwabo don ya dafa shayi. Gas ya dawo duk bututun gidan, har da na ɗakin tsohuwar, inda babu wutar da za ta ƙona shi. Ba wanda ya yi ganganci, ba wanda ya yi mugunta. Warin gas ɗin kwal yana da ƙarfi, gaskiya ne, amma mai barci ba ya jin wari, hancin tsofaffi kuma ya riga ya yi rauni. Har zuwa farkon shekarun 1960 ɗaruruwan mutane ke mutuwa kowace shekara a Birtaniya ta hanyar shaƙar gas bisa tsautsayi, mafi yawansu tsofaffi masu zaman kaɗaici.

Su kansu gidajen fa? Jerin gidajen jan bulo da aka gina zamanin Sarauniya Victoria a Manchester, Leeds, Bradford da gabashin Landan, don wutar kwal aka tsara su. Kusan kowane ɗaki yana da murhu a jikin bango da bututun hayaƙi da ya fasa rufi. Tagoginsu na katako ne masu zamewa sama da ƙasa, iska na kurɗawa ta gefensu. Ƙarƙashin ƙofa akwai rata. Daɓen katako ma yana shigo da iska. Gidan yana da sanyi, amma yana numfashi. Bututun hayaƙi na jan iska sama, sabuwa na shigowa ta kowace kafa. Wannan yoyon iskar, wanda mazauna gidan ke ƙorafi a kansa duk hunturu, shi ne ya tsare rayuka da yawa ba tare da kowa ya gode masa ba.

A watan Disamba na 1952 hazo mai haɗe da hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na kwana biyar, ya kashe aƙalla mutum 4,000. Majalisa ta yi dokar tsabtace iska a 1956, aka hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni da dama. Miliyoyin iyalai suka share tokar murhunsu suka dasa hitar gas a gurbin, suka bar mata tsohon bututun hayaƙin da aka gina don wata wuta dabam. A 1966 kamfanin Baxi ya fito da samfurin Bermuda: hita a gaba, tukunyar ɗumama ruwan gida duka a ɓoye bayanta cikin bango. Ta samu karɓuwa ƙwarai, tana da ƙarko, har yau akwai gidajen da take aiki. Sai dai ita da ire-irenta duk daga cikin ɗaki suke shan iskar da suke ci da ita, kuma da tsohon bututu suka dogara wajen fitar da abin da suka ƙona. A riƙe wannan, domin nan ne matsalar yau ta samo asali.

A 1965 aka haƙo gas a ƙarƙashin Tekun Arewa. Shi wannan mitan ne kusan zalla, ba kabon monoksaid a cikinsa. Gwamnati ta yanke shawarar juya ƙasar gaba ɗaya zuwa gare shi. An fara gwaji a tsibirin Canvey a 1966, inda jiragen ruwa ke sauke gas ɗin da ake sayowa daga Aljeriya, sannan aka shiga aikin gadan-gadan daga 1967 zuwa 1977. Sabon gas ɗin ya ninka tsohon ƙarfi kusan sau biyu, don haka babu murhu ko hita ko tukunya da za ta iya aiki da shi sai an canza mata bakin wuta. Ma'aikata suka bi titi-titi, gida-gida, suka shiga gidaje kimanin miliyan 13, suka taɓa na'urori sama da miliyan 30. A ganina amfanin wannan aiki bai tsaya ga canjin gas ba. Shi ne karo na farko da wani masani ya leƙa bayan kowace hita a ƙasar. Sun tarar da gizoji na zamanin kakanni, da bututan roba da suka tsattsage, da hanyoyin hayaƙi da aka liƙe da siminti, suka cire abin da ya kamata a cire. Mutuwa ta shaƙar gas daga bututu ta faɗi warwas cikin shekara goma.

Ana tsakiyar wannan aiki ne, ranar 16 ga Mayu 1968, wata mata a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan ta tashi da asuba ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Wani ɗan ƙaramin noti da ya haɗa murhunta da bututu ya tsage, gas ya taru a ɗakin cikin dare. Fashewar ta ture bangon ɗakin waje, kusurwar benen mai hawa 22 ta rufta daga sama har ƙasa. Mutum huɗu suka mutu nan take. Ita matar ta rayu. Benen sabo ne fil, wata biyu da tarewa, kuma babban laifin na tsarin ginin ne. Amma binciken ya nuna cewa ba ƙwararre ne ya haɗa murhun ba. A 1970 aka kafa ƙungiyar rajistar masu aikin gas, CORGI. Shiga cikinta ganin dama ne har zuwa 1991, lokacin da doka ta tilasta. Shekara 23 ke nan tsakanin rushewar benen da ranar da aka hana kowane mai sifana taɓa bututun gas a gidan mutane don kuɗi. Wannan jinkiri ba shi da wani uzuri da na iya samo masa.

Da aka kammala canjin, mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare, tunda an ce sabon gas ba guba ba ne. An gudu ne ba a tsira ba. Haɗarin ya rabu gida biyu, kuma har yau ana cakuɗa su a baki.

Na farko fashewa. Mitan na kama wuta idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki. Makunnin fitila ma ya isa ya tayar da shi. Shi ba shi da wari ko kaɗan, warin da ake ji zuba masa ake yi da gangan. Wannan darasi Amurka ta saya da tsada: ranar 18 ga Maris 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas, ya tashi da ita, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. A Birtaniya matsalar ta fi zama a ƙarƙashin titi. Manyan bututan baƙin ƙarfe na zubi da aka binne tun zamanin kekunan doki ba sa lanƙwasa, karyewa suke yi, idan ƙasa ta daskare ko manyan motoci suka yi ta bi ta kansu. Mahaɗansu kuma da zare da dalma aka cusa. Tsohon gas mai laima ne yana riƙe zaren a kumbure, sabon busasshe ne, sai zaren ya ƙanƙance mahaɗa suka fara yoyo. Gas ɗin da ya tsere ba sama yake tashi kai tsaye ba idan kwalta ko ƙanƙara ta rufe hanya. Gefe yake bi ta cikin ƙasa har ya samu ɗakin ƙarƙashin wani gida. A Clarkston kusa da Glasgow, ranar 21 ga Oktoba 1971, jerin shaguna suka tashi, mutum 22 suka rasu. A Putney ta Landan, cikin Janairun 1985, mutum takwas. A Larkhall ta Scotland, cikin Disambar 1999, iyali guda na mutum huɗu, uwa da uba da 'ya'ya biyu, sakamakon ruɓewar bututun da ya bi ta gaban gidansu. Kotu ta ci Transco, kamfanin da ke kula da bututun, tarar fam miliyan 15 a 2005. Daga 2002 aka fara shirin shekara talatin na tone duk bututun ƙarfe da ke tsakanin mita 30 da gini, a sa na roba mai launin rawaya. Har yanzu ana kan tonon.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin ba ya ƙara, ba ya kuma shiga labarai sai jefi-jefi. An cire guba daga bututu, amma kowace wuta tana iya haɗa tata gubar idan ba ta samu isasshiyar iska ba. Bayan tashin farashin mai na 1973 aka shiga yi wa jama'a wa'azin tattalin zafi. Aka cire tsoffin tagogi aka sa masu gilashi biyu da ba sa yoyo, aka liƙa roba a gefen ƙofofi, aka shimfiɗa kafet bango zuwa bango. Ƙaramar kafar iska da magina suka bari a ƙasan bango, mutane suka cusa mata tsumma ko suka manne ta da takardar ado, don sanyi take shigowa da shi. Aka kafa fanka mai zuƙe tururi a kicin da banɗaki, wadda a rufaffen gida kan iya janyo hayaƙi ya dawo ƙasa ta bututun da ya kamata ya fita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana da hujjarsa. Amma hitar 1970 tana nan zaune a bangon 1890, tana neman iskar da aka toshe mata.

Mai aikin gas da ya san hannunsa yana gane irin wannan ɗaki tun daga bakin ƙofa. Harshen wuta da ya kamata ya tsaya shuɗi tsaf ya koma rawaya, yana lilo a kasalance. Saman hitar da bangon da ke kanta sun yi baƙin kunkunniya. Gilashin taga na zufa fiye da kima. 'Yar wutar da ke ci kullum a cikin tukunya tana yawan mutuwa. Idan ya janye hitar daga bango, abin da yakan tarar a bayanta tulin ƙasa ne da ɓaraguzan bulo da suka zubo daga cikin bututu shekara da shekaru, wani lokaci da ƙiraren sheƙar da tsuntsu ya yi a sama. Sai ya kunna ɗan ƙullin hayaƙi a bakin bututun, ya fita waje ya ɗaga kai. In hayaƙin bai fito ta sama ba, ko ya ɓulla a ɗakin bene, ko ma a ɗakin maƙwabci ta tsagar bangon da suka haɗa, to ya san abin da mutanen gidan suka daɗe suna shaƙa.

Su kuwa mutanen gidan abin da suka sani shi ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Sai a ce mura ce, tunda lokacin sanyi ne. Abin da ke bambanta su kaɗan ne: babu zazzaɓi, duk gidan ne ke fama a lokaci guda har da kyanwa ko kare, kuma da an fita waje sai a ji sauƙi, da an dawo ciwo ya dawo. Mafi muni, wanda bai gane ba yakan yi abin da mai mura ke yi: ya rufe ƙofa, ya ƙara wa hita wuta, ya ja bargo. Ma'aikatar lafiyar Ingila ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin mutum 4,000 ke zuwa sashen gaggawa na asibiti kowace shekara saboda wannan guba. Wasu da suka tsira sukan rayu da mantuwa da raunin ƙwaƙwalwa har ƙarshen ransu.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan iska, ko da bai taɓa ganin hitar gas ba. Ita ce dai ke tashi daga kaskon gawayi da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa a daren hunturu, ita ce ke fita daga janareton da aka kunna a zaure ko a lungun ɗaki don gudun ɓarawo. Kuma 'yan'uwanmu da ke zuwa Birtaniya karatu ko aikin asibiti, a irin waɗancan tsoffin gidaje suke fara sauka, domin nan haya ta fi sauƙi. Wanda ya taso a Kano ko Damagaram, sanyin Janairu na Ingila ya buge shi, abu na farko da hannunsa zai kai gare shi shi ne toshe duk wata kafa da iska ke shigowa. Ba wanda ya gaya masa cewa wannan kafar ta hita ce.

Dokokin da suka biyo baya sun yi aiki, kuma ya kamata a faɗa. Tun 1994 wajibi ne mai gidan haya ya kawo ma'aikaci mai rajista ya duba kayan gas duk shekara, daga baya kuma aka wajabta masa ba ɗan haya takardar shaida. Dokar 1998 ta ƙara ɗaure wannan. A 2009 Gas Safe Register ta karɓi aikin CORGI, kowane ma'aikaci da katinsa mai hoto da jerin ayyukan da aka yarda ya yi. Daga 2005 duk sabuwar tukunyar ɗumama gida da za a kafa a Ingila da Wales ta zama irin ta zamani, waɗanda galibinsu rufaffu ne: daga waje suke jan iska, waje suke mayar da hayaƙi, ba ruwansu da iskar ɗaki. An kuma sa wa na'urori makashin da ke yanke gas da zarar wuta ta mutu, abin da da ya ceci waccan tsohuwa mai mitar kwabo. Ƙararrawar da ke jin kabon monoksaid, wadda kuɗinta bai kai na cefanen mako ba, an wajabta ta a gidajen haya na Ingila a 2015, amma a ɗakin da ake ƙona itace ko kwal kawai. Sai a watan Oktoba na 2022 aka haɗa da tukunyar gas da hita. Murhun girki har yanzu ba ya ciki, alhali a shekarun nan na tsadar makamashi akwai masu kunna shi su bar ƙofar tanda a buɗe don su ji ɗumi.

Kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila an gina shi ne kafin 1919, kuma dokar duba shekara-shekara ba ta hau kan wanda ke zaune a gidan kansa ba. Scotland ta wajabta ƙararrawa a kowane gida da ke da tukunya ko hita mai cin wuta, na haya da na mallaka, tun Fabrairun 2022. Ingila ba ta bi sahu ba. Dattijon da ya sayi gidansa a 1975, yake rayuwa da ɗan fansho, yake lissafin ko ya kira ma'aikaci ko ya biya kuɗin wuta, babu wanda doka ta ɗora wa alhakin ƙwanƙwasa masa ƙofa. Rabon da hukuma ta aika wani ya duba bayan hitar irin wannan gida tun aikin canjin gas da ya ƙare a 1977.